Idan Baba Ya Kwanta Ciwo, Wa Zai Kula Da Shi?

  Yau za mu ba ku labarin wani fim da aka yi a Amurka. Ƙasar tana da nisa, amma babu gidan da zai ce abin da ke cikin labarin bai shafe shi ba: uba ya tsufa, ciwo ya kama shi, 'ya'ya kuwa sun girma, kowa yana fama da nasa.

Sunan fim ɗin The Savages, wato iyalin Savage. Ya fito a shekarar 2007. Wata mata mai suna Tamara Jenkins ce ta rubuta shi, ita ce kuma ta ba da umarni. Laura Linney ta fito a matsayin Wendy, Philip Seymour Hoffman ya fito a matsayin wanta Jon, Philip Bosco kuma shi ne mahaifinsu Lenny. Akwai maganganun manya a ciki, saboda haka ba na yara ba ne.

Labarin a taƙaice

Lenny yana zaune a Sun City, jihar Arizona, garin da aka buɗe a 1960 musamman domin waɗanda suka yi ritaya. Ya yi shekaru da yawa tare da wata mata mai suna Doris, amma ba su yi aure ba, gidan kuwa nata ne. Sa'ad da ta rasu, danginta suka nuna cewa tsohon ba shi da haƙƙin kome a gidan. A lokacin kuma hankalinsa ya fara ruɗewa, har yana shafa ƙazanta a bangon makewayi.

Sai aka nemi 'ya'yansa. Jon malamin jami'a ne a birnin Buffalo, Wendy kuma tana New York tana ƙananan ayyukan ofis, tana ƙoƙarin rubuta wasan kwaikwayo. Dukansu wajen shekara 40 suke, ba mai aure a cikinsu, sun kuma daɗe rabonsu da mahaifinsu. Dalili kuwa shi ne Lenny bai riƙe su da kyau ba sa'ad da suke ƙanana. Mutum ne mai zafin rai da saurin hannu, mahaifiyarsu kuma ta tafi ta bar su. Duk da haka suka tashi suka je.

Wendy ce ta ɗauko shi a jirgin sama, tafiyar fiye da kilomita 3,000. A cikin jirgin ya matsu zai zaga, tana riƙe da shi a tsakanin kujeru sai wandonsa ya zame ya faɗi a gaban jama'a. Duk wanda ya taɓa yin jinyar tsoho ya san irin wannan kunya. Suka kai shi gidan kula da tsofaffi a Buffalo, kusa da inda Jon yake.

Inda rigima ta taso

Wendy ta ga gidan bai yi mata ba, zuciyarta kuma tana ta kāshe ta cewa sun yar da mahaifinsu. Ta sayo masa fitila da jan matashin kai, ta ƙawata ɗakin, shi kuwa bai ko lura ba. Ta nace a mai da shi wani gida mai tsada, mai furanni da itatuwa. Da aka je can aka yi wa tsohon 'yan tambayoyi don a gwada hankalinsa, ya kasa amsawa. A waje Jon ya gaya mata cewa furannin nan don sanyaya zuciyar dangi aka shuka su, gama a ciki abu ɗaya ne yake faruwa, mutane suna tsufa suna mutuwa. Jon ya faɗi gaskiya, amma shi ma yana fakewa da aikinsa na rubuta littafi don kada abin ya taɓa shi.

Akwai wurin da ya kamata mu riƙe. Wa da ƙanwa suna gardama a cikin mota, mahaifinsu yana zaune tare da su. Sai ya kai hannu ya rage ƙarar na'urar da ke taimaka masa ji, ya juya yana kallon waje. A kansa ake faɗa, amma ba wanda ya dube shi.

Wanda ya san bukatar tsohon sosai shi ne Jimmy, ma'aikacin jinya ɗan Najeriya, wanda Gbenga Akinnagbe ya fito a matsayinsa. Shi ne yake ɗaga shi, yake kwantar da shi, yake yi masa magana a hankali. A ƙarshe Lenny ya rasu a wannan gidan. Bai roƙi gafarar 'ya'yansa ba, hankalin yin haka ma ya riga ya tafi. Amma 'ya'yan sun tsaya har ƙarshe, jinyar kuma ta sake haɗa kan wa da ƙanwa.

Ciwon da ya kama Lenny

Mukan kira shi gigin tsufa, likitoci kuwa suna cewa cutar mantuwa. Ciwo ne da ke lalata ƙwaƙwalwa a hankali, kuma ba kowane tsoho yake kamuwa da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne suke da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. Irin da ya fi yawa shi ne wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ma suna iya kawo shi.

Mai wannan ciwo yakan manta ya ci abinci ya ce an hana shi, yakan ɓata a hanyar da ya sani tun yana yaro, yakan ce an sace masa kuɗi, yakan fita da dare ko ya tuɓe a gaban mutane. A ƙauyuka da dama, idan tsohuwa ta fara haka sai a ce mayya ce ko an yi mata sammu, har a kore ta ko a duke ta. 'Yan'uwa, wannan ciwo ne kamar kowane ciwo. A kai mutum asibiti, domin wani lokaci zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara ko wani magani da yake sha ya ruɗa shi, waɗannan kuwa ana warkar da su. Idan cutar mantuwa ce, ba a warkewa, amma kulawa mai kyau tana rage wahala ƙwarai.

Abin da za mu koya

Na fari, mu tambayi kanmu: abin da nake yi, don Baba nake yi ko don in huta da zargin zuciyata da bakin mutane? Ɗa yana iya aiko babbar riga daga birni, alhali abin da tsohon yake bukata shi ne mai yi masa wanka, mai zama kusa da shi har ya gama cin tuwo. Idan ya kwanta ba ya iya motsi, a riƙa juya shi wajen kowane awa 2 don kada gyambo ya fito masa. A rufe rijiya, a ɓoye maganin ƙwari da kananzir. A sa takarda mai sunansa da lambar waya a aljihunsa. Idan ya faɗi abin da ba daidai ba, kada a yi musu da shi, a lallashe shi a kawo wata magana.

Na biyu, a raba aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ne suke yin kashi 70 cikin 100 na awoyin jinyar masu wannan ciwo. A gidajenmu sau da yawa matar ɗa ce ko 'yar da ke kusa take ɗauke da kome, ga gona, ga yara, ga ɗiban ruwa. Bari 'yan'uwa su zauna su yanka: wa zai sayi magani, wa zai kawo hatsi, wa zai zo ya karɓe ta na mako ɗaya ta huta. Wanda yake nesa kada ya zo rana ɗaya ya fara ganin laifin wanda yake kwana da marar lafiya kullum.

Na uku, a yi magana tun da wuri. A fim ɗin, sai da hankalin Lenny ya riga ya ruɗe 'ya'yansa suka tambaye shi abin da yake so a yi idan ciwo ya yi tsanani da yadda za a yi jana'izarsa. Ya fusata ya yi ta ihu a gidan abinci. Iyayenmu, tun kuna da ƙarfi ku tara 'ya'yanku da shaidu, ku faɗi iyakar gona, da bashin da kuke bi da wanda ake binku, a rubuta. Ku tuna Lenny ya rasa wurin kwana rana ɗaya domin babu abin da ya kāre shi a rubuce.

Na huɗu shi ne mafi wuya. A cikinmu akwai waɗanda mahaifinsu ya sha gumin gidan a mashaya, ko ya kori mahaifiyarsu, ko ya hana su makaranta. Ba mu ce ku yi kamar abin bai faru ba. Dokar girmama uba da uwa da ke Fitowa sura 20 ba ta ware iyayen kirki kaɗai ba. Wendy da Jon ba su sami uban kirki ba, ba su kuma iya jinya sosai ba, amma ba su bar shi a titi ba. Idan abin ya yi maka nauyi, ka sami fasto ko dattijo ka faɗa masa, ka kuma yi iyakar abin da za ka iya.

Muna roƙon kowace ikkilisiya, kafin ƙarshen wannan wata, ta rubuta sunayen tsofaffin da ke kwance a gida da sunan mai jinyar kowannensu. Zumuntar mata da matasa su tsara ziyara, masu ɗebo ruwa da masu faskare da masu zama da marar lafiya don mai jinya ta samu ta je sujada ko kasuwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu jinya haƙuri da ƙarfi.