Tsakanin Wasa da Zaman Kashe Wando

 

Shekarar da muka gama makaranta na je neman aiki, aka miƙo mini takarda in cike. Can ƙasa an tambayi abin da Bature ke kira hobi. Na yi shiru ina cizon alƙalami. Gaskiyar magana, dara nake so, da kiwon tattabaru, amma sai na ji kunya na rubuta "karatu". Wannan kunya ita ce maƙasudin jawabina na yau.

Bahaushe ba shi da kalma guda tak da ta yi daidai da hobi, amma yana da kalmomi da dama, kowace da muhallinta. Hutu shi ne ajiye aiki. Shaƙatawa ita ce mutum ya saki jiki bayan gajiya, shi ya sa ake cewa za a fita shan iska. Nishaɗi, da raha, da sha'awa, duk daga Larabci muka aro su. Nishaɗi a zuci yake, raha kuwa sai da abokin hira, don ba a raha da bango. Ɗebe kewa na mai kaɗaici ne. Kilisa ta mai doki ce, ya fita da shi da la'asar ya motsa jini.

To, sai uwa-uba, wasa. Kalma ce mai faɗi, ta ɗauki langa ta samari, da gaɗa da carafke na 'yan mata, har da wasan kwaikwayo da barkwancin da ke tsakanin taubasai. Amma ku lura da yadda muke amfani da ita. In an ce wane yana wasa da aikinsa, zargi ne. In an ce abu ba wasa ba, yabo ne. Ta haka muka mai da wasa abin yara da marasa hankali, har babba ya ji kunyar a gan shi yana yi. Alhali kuwa in ka sauya karin sauti kaɗan, wasa ta zama abin da ake yi wa wuƙa ta yi kaifi, kamar yadda muke cewa kacici-kacici na wasa ƙwaƙwalwa.

Kakanninmu ba su raina waɗannan abubuwa ba. Dubi dara: gurabe 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya cinye ɗaya na abokin karawa. Lissafi ne tsantsa, kuma manya ke yin sa. Daga nan muka sami maganar nan ta dara ta ci gida. A dambe, wanda asali sana'ar mahauta ce bayan kaka, in ka kai mutum ƙasa sai a ce ka yi kisa, ga shi kuwa ya tashi yana kaɗe ƙura. A Nijar, tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, kokawa ta zama abin alfaharin ƙasa baki ɗaya. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Da yawanmu a nan mun yi ritaya, wasu suna dab da yi. Na san wani ɗan ajinmu da ya yi shekara 35 yana aiki ba ƙyaƙƙyaftawa. Da ya ajiye aiki, sai ya rasa abin yi. Daga ɗaki sai ƙofar gida, daga ƙofar gida sai ɗaki, ya addabi iyali da faɗa, jiki kuma ya soma ciwo. Wannan ba hutu ba ne, shi Bahaushe ke kira zaman kashe wando. Mai shaƙatawa ya san abin da zai yi da lokacinsa, mai zaman kashe wando kuwa lokacin ne ya yi masa yawa.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Na farko, kowannenmu ya nemi abin sha'awarsa tun da sauran ƙarfi, ko lambu, ko kiwo, ko rubutu, kuma kada ya ji kunyar faɗa. Na biyu, ƙungiyarmu ta taimaka a farfaɗo da ƙungiyar wasan kwaikwayo da ta muhawara a makarantarmu, a sa dara da langa cikin wasannin gidaje, don ƙannenmu su san akwai nishaɗin da ba a cikin wayar hannu yake ba.

Ni dai yau na gyara takardata a gabanku: dara nake so, da tattabaru. Wanda ya ga zai iya, ina jiransa a gindin darbejiya bayan sallar la'asar.