JAWABIN KWAMITIN RUWA A TARON KAKA

Maigari, liman, dattawa, iyayenmu mata, da ƴan uwa na Yamai, Kano, Legas da Abijan da takardar nan za ta iske, muna gaishe ku.

Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da rijiyoyi suka ja baya. Rijiyar siminti irin ta OFEDES ta yi mana rana, amma yau gari ya ƙaru, mata na kwana bakinta da guga da igiya. Kurkunu ya ƙare, tun 2013 aka tabbatar babu shi a Nijar, amma zawo bai bar yaranmu ba.

Ga yadda aikin pampo yake. Haƙa foraji da ɗora shato aikin injin ne da ma'aikata. Ramin da tiyo zai bi daga shato zuwa unguwanni kuwa, namu ne, da diga da pelu. Mu ɗauka tsawonsa mita 2000 ne. In majiya ƙarfi 100 suka fito gayya, kowa mita 20 ke gabansa. Kuɗin da za a ba ɗan kwangila ya zauna gida.

Sharaɗi uku muke roƙo.

Na ɗaya, zurfi. Ramin ya kai wajen mita guda. Tiyon roba ba ya son rana, kuma in yana sama-sama amalanke na iya fasa shi. A shimfiɗa rairayi mai laushi, a tsince duwatsu, kada a rufe mahaɗa sai an saki ruwa an ga ba ta yoyo.

Na biyu, lokaci. A fara da an gama shigar da hatsi rumbu, kafin samari su tafi cin rani. Wanda ke nesa ya aiko ladan wanda zai haƙa rabonsa.

Na uku, asusu. Kowane bido a biya, ko na gidan wa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: ranar da injin ya tsaya, kuɗin nan ne zai tashe shi. Ma'aji daban, mai rubutu daban, mata su shiga kwamiti, a karanta lissafi gaban jama'a kowane wata.

Kowace unguwa ta kawo sunayen mutanenta wurin maigari kafin Juma'a. Allah ya ba mu ikon cikawa, amin.