Sauri da Aminci Wajen Ajiyar Bayanai a Kwamfutar Gida



Gabatarwa

Makasudin wannan lacca shi ne a duba yadda kwamfutar gida ke adana abin da aka ba ta ajiya, da yadda ake ƙara mata sauri ta hanyar haɗa ma'ajiya iri biyu, da kuma haɗarin da ke tattare da yin haka. Batun ya shafi ɗalibin da kundin digirinsa ke cikin na'ura ɗaya tak, ya kuma shafi ma'aikacin da yakan tafi gida da lissafin ofis. Ga waɗannan mutane, lalacewar ma'ajiya na iya zama asarar aikin shekara guda ko fiye.

Ma'ajiya Iri Biyu

Ta farko ita ce faifai mai juyawa. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fitar da shi a 1956, cikin na'urar RAMAC. Yana da fayafai 50, faɗin kowanne inci 24, amma abin da yake ɗauka duka-duka haruffa miliyan 5 ne. A 1980 kamfanin Seagate ya fitar da ƙarami mai ɗaukar megabait 5, wanda ya dace da kwamfutar tebur. Har yanzu aikinsa bai sake ba: faifai na juyawa, wata allura kuma tana kai da kawowa a samansa tana karatu da rubutu. Na gida yakan juya sau 5,400 ko 7,200 a minti. To, kafin allura ta kai inda ake so, faifai kuma ya juyo da wurin ƙarƙashinta, akan ɓata wajen milisakan 12, watau kashi 12 cikin dubu na sakan. Ga ɗan Adam wannan ƙiftawar ido ce. Ga kwamfuta kuwa, wadda takan buɗe dubban ƙananan fayiloli kafin ta tashi, jira ne mai tsawo.

Ta biyu ita ce daskararriyar ma'ajiya, wadda aka fi sani a kasuwa da sunan SSD. Ba abin da ke motsi a cikinta. Tana riƙe bayani ne ta hanyar tsare cajin lantarki cikin 'yan ƙananan ɗakuna na silikon. Injiniya Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan shi ya ƙago wannan fasaha, ya gabatar da nau'inta na farko a 1984, na biyu kuma a 1987, wanda shi ne ake amfani da shi a ma'ajiyar kwamfuta. Takan amsa kira cikin kashi ɗaya bisa goma na milisakan, ko ƙasa da haka. Sai dai ta daɗe tana da tsada ƙwarai, har yau ma kuɗin da zai sayi terabait ɗaya nata zai sayi fiye da haka na faifai. Ga ɗaya mai yalwa da araha amma mai nawa, ga ɗaya mai sauri amma mai tsada. Daga nan tunanin haɗa su ya taso.

Ajiyar Kusa-da-Hannu

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin rajista ya san dabarar, ko da bai san sunanta ba. Fayiloli dubbai ne a ɗakin ajiya, amma waɗanda ake nema kullum ba su wuce 'yan kaɗan ba. Akawu mai wayo yakan bar waɗannan a kan teburinsa, don kada masinja ya yi ta zarya. In tebur ya cika, sai ya mayar da wanda aka fi daɗewa ba a tambaya ba. Wannan ita ce ajiyar kusa-da-hannu. Masanin nan na Jami'ar Kambirij a Ingila, Maurice Wilkes, ya bayyana ta a 1965, IBM kuma ya sa ta cikin wata babbar kwamfutarsa a 1968. Abin da ya sa take aiki shi ne, abin da aka nema ɗazu, galibi shi za a sake nema an jima.

A kwamfutar gida, faifai shi ne ɗakin ajiya, ƙaramar SSD ita ce tebur, wata manhaja kuma ita ce akawu. Alal misali, a ce cikin kira 100, guda 90 an same su a SSD a milisakan 0.1, sauran 10 an je faifai a milisakan 12. Matsakaicin jira zai zama milisakan 1.3, watau an ninka sauri kusan sau tara. Amma in rabi kawai aka samu a SSD, matsakaicin zai haura milisakan 6, riba ta koma ninki biyu. Saboda haka amfanin dabarar ya dogara ga halin mai kwamfuta. Mai buɗe manhajoji iri ɗaya kowace safiya zai ga canji sosai. Mai kallon fim dabam-dabam, kowanne sau ɗaya, da ƙyar zai ga wani bambanci.

Kamfanoni sun bi hanyoyi da dama. Microsoft ya sa ReadyBoost cikin Windows Vista a 2007, inda ake amfani da filashi. Seagate ya haɗa faifai da gigabait 4 na daskararriyar ma'ajiya cikin gida ɗaya a 2010. Intel ya kawo Smart Response a 2011, wadda ke karɓar har gigabait 64. Apple ya fitar da Fusion Drive a 2012, masu Linux kuma suka sami bcache da dm-cache a 2013. Intel ya sake dawowa da Optane a 2017, sa'an nan a 2022 ya ba da sanarwar daina wannan sana'a.

Inda Haɗari Yake

Karatu ba shi da matsala, domin abin da ke SSD kwafi ne na abin da ke faifai. Wajen rubutu gizo ke saƙa. Hanya ta farko ita ce rubutu-gaba-ɗaya: ba a cewa an adana sai bayani ya sauka a faifai. Kamar akawun da ba ya sallamar mutum sai ya shigar da kuɗi cikin babban littafi. Yana da nawa, amma ba a asara. Hanya ta biyu ita ce rubutu-daga-baya: a rubuta a SSD, a ce an gama, a kai faifai in an sami sarari. Wannan akawu yakan rubuta a guntun takarda, ya shigar da yamma. Layi na tafiya da sauri, amma ranar da takardun suka ɓace, babban littafi ya zama ƙarya.

A rubutu-daga-baya, in ƙaramar SSD ta mutu, ko wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, abin da ke faifai na iya zama rabi sabo rabi tsoho, har tsarin fayiloli duka ya rikice. A ƙasashen da wuta ke ɗaukewa ba sanarwa, kamar Nijeriya da Nijar, wannan ba ƙaramin abin lura ba ne. Mai kwamfutar tebur wanda ba shi da batirin ko-ta-kwana, wajibi ne ya zaɓi rubutu-gaba-ɗaya. Har ila yau, tsari irin na Fusion Drive ba kwafi yake yi ba, raba fayiloli yake tsakanin ma'ajiyar biyu. In ɗaya ta lalace, duka ajiyar ta tafi. Wanda ya haɗa biyu ta wannan hanya ya ƙara sauri, ya kuma ƙara wa asara ƙofa.

Tsarin da Ya Fi Dacewa

Tun da farashin SSD ya sauko ƙwarai in aka gwada da 2011, hanya mafi sauƙi ga yawancin gidaje ita ce a raba aiki da hannu. A ɗora Windows ko Linux da manhajoji da takardun da ake aiki a kansu bisa SSD mai gigabait 256 ko 500. Hotuna da fina-finai da tsofaffin takardu su zauna a faifai. Ta haka kowace ma'ajiya na cin gashin kanta, in ɗaya ta mutu ɗaya na nan. Ajiyar kusa-da-hannu ta fi amfani ga mai tarin bayanai masu yawan gaske, wanda ba zai iya tsayawa yana zaɓen abin da zai sa a ina ba.

Akwai ƙa'idoji huɗu na kula da SSD. Na ɗaya, kada a cika ta fal. Ba ta iya rubutu bisa tsohon rubutu sai ta share babban yanki, don haka tana bukatar fili na juyawa. A bar mata kamar kashi ɗaya bisa biyar. Na biyu, a tabbata umarnin TRIM na aiki, wanda ke shaida mata wuraren da aka goge. Windows na yin haka da kansa tun daga Windows 7 na 2009. Na uku, kada a yi mata aikin tattara gutsattsarin fayiloli da ake yi wa faifai, domin ba allurar da za a rage wa tafiya, sai ƙarin rubutu a banza. Na huɗu, a riƙa duba rahoton lafiyarta na SMART lokaci-lokaci.

Wasu na tsoron cewa rubutu na cinye ta. Gaskiya ne kowane ɗaki na da iyakar shara da zai jure. Amma mai terabait ɗaya, sau da yawa akan ba ta lamunin rubutun terabait 600. Mai rubuta gigabait 30 kullum zai yi shekara fiye da 50 bai kai nan ba. Abin da ya fi cancantar tsoro shi ne ajiye ta a akwati ba wuta. Caji na zurarewa a hankali, zafi kuma na hanzarta shi. Ƙa'idar masana'antu ta ce wadda ta cinye lamuninta ta riƙe bayani shekara guda a zafin digiri 30. A Sakkwato ko Maiduguri kuwa, zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40. Ashe ke nan SSD ba wurin ajiyar shekaru ba ce.

Kammalawa

Ajiyar kusa-da-hannu maganin nawa ce kawai, ba ta kare kowa daga asara. Faifai yakan yi ƙara ko ya riƙa sargafewa kafin ya mutu, SSD kuwa sau da yawa takan mutu farat ɗaya. Kariya ita ce ƙa'idar 3-2-1 wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yayata: kwafi uku na duk abu mai muhimmanci, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Ga ɗalibi, wannan na nufin kundi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan waje, ɗaya a intanet ko a gidan ɗan'uwa. A kuma riƙa buɗe kwafin ana gwadawa, domin kwafin da ba a taɓa buɗewa ba, ba wanda ya san ko yana aiki. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Duk mai aikin da ba zai iya sake yi ba, ya kamata ya yi kwafinsa na biyu kafin ya kwanta yau.