Romon Ƙashi: Abin da Ke Cikin Tukunya da Abin da Babu



Shekarun nan romon ƙashi ya yi tashe a Amurka da Turai, har ana sayar da shi a kwali da kofi, ana cewa yana ƙarfafa ƙashi, yana gyara fata, yana warkar da hanji. Mu kuwa tun kaka da kakanni shi ake ɗora wa mai jego da wanda ya tashi daga jinya. Ra'ayina shi ne romo abinci ne mai kyau, amma ba don dalilin da masu talla ke faɗa ba.

Me ke fitowa daga ƙashi in ya sha wuta? A guringuntsi da jijiya da fata akwai wani furotin mai suna kolajin. In ya daɗe yana dahuwa sai ya narke ya koma jelatin. Shi ya sa farfesun ƙafar saniya yake danƙo a leɓe, in ya kwana cikin sanyi kuma ya daskare. Ɓargo kuma galibinsa kitse ne, daga nan garɗin yake.

Kalsiyam fa, wanda saboda shi ake ta yabon? A nan labari ya sha bamban. Tun 1934 McCance da Sheldon da Widdowson suka auna romon ƙashi a Landan, suka tarar kalsiyam ɗin cikinsa kaɗan ne. A 2017 wasu masana a Taiwan suka sake aunawa, suka ga kwano guda bai kai kashi 5 cikin 100 na buƙatar yini ba. Baligi yana buƙatar wajen miligiram 1,000 a rana, kofin madara kuwa yana ba da kusan 300. Saboda haka mai neman ƙarfin ƙashi ya nufi nono da kindirmo da ƙananan kifin da ake ci har da ƙaya.

Kolajin ɗin ma ba ya wucewa kai tsaye daga kwano zuwa gwiwa. Ciki yana farfasa shi kamar kowane furotin, jiki ya raba inda yake so, kuma ba zai ƙera nasa kolajin ba sai da bitamin C.

To ina amfanin? Majinyacin da bakinsa ya mutu, tuwo ba ya shiga, zai iya kurɓar romo mai ɗumi, ya samu ruwa da ɗan gishiri da furotin marar nauyi, har sha'awar abinci ta dawo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ku tambayi duk wanda ya taɓa zaman jinya. Sannan romo tushen miya ne. A kaɗa kuka da shi, ko a zuba zogale da kabewa, sai yara su cinye ganyen da da za su ture. Sai dai yaro mai zawo, ruwan gishiri da sukari ne maganinsa, romo ba ya maye gurbinsa.

Dahuwar ba ta da wuya. Ku ce wa mahauci ya haɗa muku ƙashin gaɓa da na ɓargo, ya sassara su. In ƙafa ce, ku tambayi da me aka babbake ta, domin a wasu kwatoci da tsohuwar taya ake yi, hayaƙinta kuma guba ne. A wanke, a zuba ruwa ya sha kan ƙashin, in ya tafasa a kwashe kumfa, a rage wuta. Garwashi ya fi dacewa: tukunya ta riƙa ɓararraka a hankali awa 6 zuwa 8 in na saniya ne, na kaza kuwa 3 sun isa. Albasa, citta, tafarnuwa, masoro, kimba da daddawa sun wadatar.

Ina roƙon iyayenmu mata abu biyu. Kada a jefa kanwa a romo don ƙashi ya yi saurin laushi, musamman in mai jego za ta sha. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Kuma a sassauta hannu wajen dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, mai hawan jini kuwa sai ya ƙara kiyayewa.

In an sauke, a tace, a yaye maiƙon da ya taso. Kada ya wuce awa 2 a ajiye a waje. A firiji yana kwana 3 zuwa 4, in wutar lantarki ta tsaya. In ba ta tsaya ba, a dafa daidai na yini, kuma duk abin da ya jima a ajiye a sake tafasa shi sosai kafin a zuba wa yaro ko majinyaci.