Haƙƙi Ba Alfarma Ba Ne

 Haƙƙi shi ne abin da yake naki ba sai kin roƙa ba. Alfarma kuwa mai ita kan janye abarsa. Masana sun kasa haƙƙi gida biyu. Na farko, a ƙyale ki: kada a taɓa ranki, mutuncinki ko dukiyarki. Na biyu, nauyi ne a wuyan hukuma, kamar makarantar 'yarki da asibiti. Da ƙuri'a ake tuhumar mai wannan nauyi, kuma sai a 1976 matan Arewacin Nijeriya suka same ta, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri. To 'yar uwa, kada ki musanya ta da sabulu. Sai mako mai zuwa.