Doka Ta Yarda, Amma Akwai Amfani?

Karatunmu: 1 Korintiyawa 6:12-20

Yau za mu duba wata tambaya da ta shafi gidajenmu: idan gwamnati ta yarda a sayar da abu, ya zama daidai ke nan ga mai bi?

A nan Abuja doka ba ta hana giya ba. Ana sayar da ita a fili, daga manyan otal na cikin gari har rumfunan burukutu a ƙauyuka. A Kano kuwa, tun da aka kafa shari'ar Musulunci a shekara ta 2000, an hana ta, har Hisba takan farfasa kwalabe. Tabar wiwi kuma haramun ce a duk Nijeriya, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ita ke kama masu sayar da ita. Duk da haka akwai masu kira a halatta nomanta.

Bari mu saurari hujjarsu da gaskiya. Sun ce in abu yana fili, gwamnati za ta sami haraji, mutane su sami aiki, a kuma iya duba abin da ake zubawa a kwalba. Sukan tuna da Amurka, wadda ta hana giya daga 1920 zuwa 1933, sai 'yan sumoga suka yi ƙarfi, aka janye dokar. A nan gida ma, a 2015, mutane sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai guba wanda ba wanda ya duba shi. Wannan magana tana da nauyi.

Amma wa yake biyan sauran kuɗin? Matar da aka shanye kuɗin cefanenta. Yaron da aka koro daga makaranta. Fasinjan da ya hau babur ɗin wanda ya bugu. Harajin yana shiga asusun gwamnati, hawayen kuwa a gida ake zubar da su.

Ku tuna da maganin tari mai kodin. Magani ne na halal, a kantin magani ake sayensa, amma ya lalata samari da 'yan mata da yawa, har gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. Binciken da aka fitar a 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3 a ƙasar nan suna shan ƙwayoyi, yawancinsu abubuwan da doka ta riga ta hana. Ashe halattawa ba ta kawar da cuta, hanawa kuma ba ta kawar da sha'awa.

Wannan ne Manzo Bulus ya nuna wa Korintiyawa. Waɗansunsu suna fahariya cewa suna da 'yancin yin kome. Sai ya ba su ma'auni biyu. Na fari, abin nan yana da amfani? Na biyu, ya fara mulki a kanka? Ya kuma tuna musu cewa jikin mai bi mazaunin Ruhu Mai Tsarki ne, Almasihu ya fanshe shi da jininsa. A Romawa 14 ya ƙara na uku: kada abin da muke ci ko sha ya sa ɗan'uwa tuntuɓe.

To, me za mu yi? Mu yi wa masu yin doka addu'a, gama aikinsu ne su tsare marasa ƙarfi. Amma kada mu bar musu aikinmu. Iyaye, mu san abokan 'ya'yanmu, mu yi musu magana da harshenmu na gida tun suna ƙanana, mu daina aikensu sayen giya. Dattawan ikilisiya da zumuntar mata, in wani ya faɗi, kada mu ɓoye shi don kunya, kada kuma mu kore shi. Mu kai shi asibiti, mu zauna tare da shi, mu maido shi da tawali'u kamar yadda Galatiyawa 6 ta koya mana.

Kai kuma da abin nan ya ɗaure ka, ba ka makara ba. Yesu yana kwance ɗaurarru har yau. Ka nemi fastonka ko wani dattijo amintacce a makon nan, ka faɗa masa gaskiya.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba shugabanninmu hikima, ka tsare 'ya'yanmu, ka 'yantar da waɗanda suke cikin bautar shaye-shaye. A cikin sunan Yesu. Amin.