Man Fetur Zai Ƙare, Mu Koyi Zaman Gari Ba Da Shi Ba, In Ji Wani Malami A Rigasa

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da ɗaya daga cikin malaman 'yan uwa ya gabatar wa matasa a daren Asabar ɗin da ta gabata, bayan sallar Isha'i, a harabar wata makarantar Islamiyya da ke Rigasa, Kaduna. Akasarin mahalarta 'yan acaɓa ne da masu tuƙa Keke Napep da ɗalibai da 'yan tireda. A sha karatu lafiya.

Bayan ya yi godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, ya yi salati ga Manzon tsira (SAW), sai Malamin ya nemi duk wanda ya zo wurin da ƙafa ko a kan keke ya ɗaga hannu. Aka ɗaga. Sai ya ce to duk wanda abincin da ya ci yau bai hau mota ba, ruwan da ya yi alwala da shi ba inji ne ya jawo shi ba, garin tuwon gidansu ba a inji aka niƙa ba, ya bar hannunsa a sama. Nan take hannuwa suka sauka gaba ɗaya, aka yi dariya. Malamin ya ce wannan dariyar ita ce darasin daren, domin kuwa mutanen Rigasa, duk yawansu, cikinsu da ƙishirwarsu da haskensu suna rataye ne a jikin tankar da ke tasowa daga Kudu, kuma ba su da ta cewa a kan ranar da za ta zo.

Ya ce ƙarancin mai iri biyu ne, kuma wajibi ne 'yan uwa su rarrabe su, don kada a jingina wa ƙaddara abin da azzalumai suka aikata da hannuwansu, kada kuma a ɗauka cewa da zarar an kawar da azzalumai shi ke nan mai zai yi ta ɓuɓɓugowa har tashin Alƙiyama.

Game da nau'i na farko, ya ce ba sai an je nesa ba. Ga matatar mai nan a Kaduna, a kan hanyar Kachiya, wadda aka buɗe a 1980, aka kuma faɗaɗa ta har ta kai ƙarfin tace ganga 110,000 a kowace rana. Ya ce akwai samari a zaune a wurin waɗanda tun da suka yi wayo ba su taɓa sayen litar da aka tace a cikinta ba, alhali an sha ware mata maƙudan kuɗi da sunan gyara. Ya tuna wa manyan da ke wurin yajin aikin ma'aikatan mai na 1994, lokacin da garin nan ya yi makonni ana kwana a layi, da yadda gwamnatin Abacha a shekarar ta ɗaga lita daga naira 3 da kwabo 25 zuwa naira 11, aka ce za a yi wa talaka aiki da rarar ta hanyar PTF. A 2012 gwamnatin Jonathan ta tashi da ita daga naira 65 zuwa 141, sai da jama'a suka cika tituna sannan ta dawo 97. Ranar 29 ga Mayun 2023 kuwa, da jumla guda a bakin Tinubu aka cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,000. Ya ce duk wanda ya bi sawun wannan zai tarar da shawarar IMF da Bankin Duniya a gindinsa tun daga SAP ɗin Babangida ta 1986. "Wannan zalunci ne, sunansa ke nan, kuma ba za mu daina faɗa ba," in ji shi.

Amma ya ce nau'i na biyu shi ne wanda ba a cika faɗa wa matasa ba. Mai taska ce da Allah Ya ajiye a ƙarƙashin ƙasa da awo, ba ya tsirowa kamar gero, abin da aka ɗiba ya tafi ke nan. Ya ba da misali da Oloibiri, ƙauyen da aka fara samun mai a 1956, inda rijiyoyin suka ƙafe tun a shekarun 1970, kamfani ya kwashe kayansa, aka bar mutanen da gurɓataccen ruwa da ƙasar da ba ta noma. Ya ce a wajen 2005 Nijeriya tana haƙo kusan ganga miliyan biyu da rabi a rana, amma a wasu watanni na 2022 ko miliyan ɗaya ba ta cika ba, saboda sata da fasa bututu da tsufan rijiyoyi. Ya ce ya san wasu za su ce ai ga Kolmani, inda Buhari ya ƙaddamar da haƙa a 2022, ga kuma matatar Ɗangote da ta fara fitar da fetur a 2024. "To ni tambayata, ranar da aka buɗe matatar Kaduna me iyayenku ba su ji ba? Kuma matata tana tacewa ne kawai, ba ta halittar ɗanyen mai."

Daga nan sai ya koma kan ƙissar Annabi Yusuf (AS), inda ya daɗe ƙwarai. Ya ce abin lura shi ne Annabin Allah bai tsaya kan fassara mafarkin sarki ba, sai da ya ba da tsari, a yi noma a shekarun yalwa, a ci kaɗan, a bar saura a cikin zangarniyarsa don kada ya lalace. Ya ce kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suke zuba dami a rumbu ba tare da sussuka ba. Nijeriya ta samu nata shekarun yalwar bayan 1973, da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, amma maimakon rumbu sai aka yi rabon Udoji da bikin FESTAC, aka bar gyaɗa da auduga. Ya ce masaƙun Kakuri, waɗanda ta farkonsu ta buɗe tun 1957, dubban magidanta suka ciyar a garin nan, kuma daga cikin abubuwan da suka durƙusar da su har da rashin baƙin mai da rashin wuta. Yau 'ya'yan waɗancan ma'aikatan ne ke kan babura suna jiran fasinja a Bakin Ruwa.

Malamin ya ce zaman birni ba da mai ba, ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wanda ya duba ganuwar Kano da ta Zariya zai ga an zagaye har da filayen noma a ciki, saboda in abokan gaba suka tsare ƙofofi, gari ya ci daga cikinsa. Jakuna kan fita da shara da toka da kashin dabbobi zuwa gonakin karkara, su dawo da itace da hatsi, babu abin da ke zama banza. Ya ce ku kwatanta da Rigasa, inda shara ke toshe kwalbatoci damina ta shigo wa mutane ɗaki, alhali manomi yana kukan tsadar takin zamani, wanda shi ma yuriyarsa daga iskar gas ake yin ta. Ya kuma kawo labarin ƙasar Kuba, wadda man da take samu daga Tarayyar Sobiyet ya yanke bayan rushewarta a 1991, ga takunkumin Amurka a kanta. Ya ce mutanen sun sha wuya, sun rame, amma suka shigo da kekuna masu ɗimbin yawa daga ƙasar Sin, suka koma huɗa da shanu, suka mai da kangwaye da filayen babban birninsu Habana lambuna. Ya ce in waɗanda ba su da Suratu Yusuf sun yi haka, ina uzurin mai karanta ta?

Kan abin yi kuwa, ya fara da keke, kuma a nan ne ya ɗan yi zafi. Ya ce girman kai ne kawai ya raba samari da keke, wai kada budurwa ta gan su. Ma'aikatan masaƙa a kan Rali da Finis suka yi aiki har suka gina gidajen da ake taƙama da su yanzu. Ɗan uwan da ke zuwa Kasuwar Barci ko Tudun Wada ko Unguwar Sanusi kullum, in ya lissafa kuɗin da yake ba mai Napep na 'yan watanni, zai ga ya sayi keke ya ba wani. Ya ce jirgin ƙasan da aka buɗe tasharsa a nan Rigasa a 2016 ya amfani masu zuwa Abuja, amma talakan unguwa da ƙurar motocinsu kawai ya tashi, don haka kada wani ya jira a zo a tsara masa sufuri.

Sai batun ruwa da wuta. Ya ce duk ranar da mai ya yi tsada, jarkar mai garuwa ta tashi, saboda burtsatsen da janareto yake aiki. Ya ba da shawarar masallatai da makarantun 'yan uwa su haɗa kuɗi su mai da famfunansu masu aiki da hasken rana, a kafa indararo da tankuna a tari ruwan sama, kuma wasu daga cikin matasa su je su koyi haɗa sola da gyaranta a matsayin sana'a. Ya tunatar da cewa da mudu guda na ruwa Manzon Allah (SAW) yake alwala, kuma ya hana almubazzaranci da ruwa ko da a bakin kogi ne. A kan girki ya ce kananzir ya fi ƙarfin talaka, risho ya shige ƙarƙashin gado, kowa ya koma gawayi, ana ta cinye dazukan hanyar Birnin Gwari, inda masu saran ma a bakin ransu suke shiga saboda 'yan bindiga. Ya ce murhun da aka yi wa jiki da yumɓu yana rage cin gawayi, kuma kowane gida ya dasa ko zogale ne da kuɓewa a buhu, ya ajiye 'yan kaji.

Ya yi kashedi mai tsanani kan bumburutu. Ya ce ya san wahala ce ke kai wasu, amma ɓoye abin da jama'a ke bukata don ya yi tsada haramun ne, kuma mai gidan man da ke rufe famfo da rana ya ɗura wa yaransa da dare, da yaron da ke tsaye da galan a bakin titi, igiya ɗaya ta ɗaure su. Banda haka ga ajiye fetur a ɗakin da ake kwana da yara. Ya tuna da Jesse a 1998, inda sama da mutum dubu suka ƙone wajen kwasar man bututu, da Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu a kan tankar da ta faɗi, galibinsu matasa irin waɗanda ke gabansa. Ya ce duk ɗan uwan da ya ga tanka ta kife, ya gudu, ya kuma kori na kusa da shi. Wurin ya yi tsit na ɗan lokaci.

Da aka ba da damar tambayoyi, wani saurayi ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, ni da Napep nake ciyar da mahaifiyata da ƙannena, kuma ba tawa ba ce, balas nake kaiwa kullum. In kowa ya koma keke kamar yadda ka ce, ni me zan ci?" Malamin ya ce tambayar ta fi jawabin nauyi, kuma ba zai yi masa ƙarya ya ce akwai amsa mai sauƙi ba. Ya ce kada ya ajiye Napep gobe, domin tsofaffi da mata da marasa lafiya da masu kaya za su ci gaba da bukatarsa, amma ya sani cewa sana'ar da kullum sai ka fara biyan gidan mai da mai abin hawa kafin ka ga naka, ba wadda za a tsufa a cikinta ba ce. Ya shawarce shi ya ware wuni biyu a mako ya koyi aikin hannu tun yana da ƙarfi, ya kuma ce nauyin hakan ba a kansa shi kaɗai yake ba, yana kan 'yan uwa masu garejin gyara da shagunan walda da ɗinki, waɗanda ya nemi kowannensu ya ɗauki yaro ɗaya ba tare da kuɗin koyo ba.

Nan take mutum huɗu suka ba da sunayensu, ciki har da wani dattijo mai gyaran keke. Aka tsayar da cewa za a fara adashin sayen kekuna daga Juma'a mai zuwa, sannan za a kafa kwamitin da zai binciko kuɗin mai da burtsatsen makarantar mai aiki da hasken rana, ya kawo rahoto a zama na gaba. Aka yi addu'a aka tashi da misalin ƙarfe goma da rabi na dare.